Ragar Lissafi Da Ruwan Tiga

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, ya ratse ya nufi Tiga cikin ƙasar Bebeji, zai iske wani dogon tudu wanda hannun ɗan Adam ya tara, tsawonsa kamar kilomita 6, watau kusan mil huɗu, bisansa kuwa mita 48. Bayan tudun nan ruwa ne iyakar ganin ido. An soma ginin madatsar a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 178, an kuwa tsara shi don ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 1,900 da ɗoriya. Don mai karatu ya gane yawan abin, kubik mita ɗaya daidai ya ke da babban durom biyar.

Ruwan nan na Kogin Kano ne, wanda ya taso daga tuddan kudu, ya ratsa ƙasar Doguwa da Dajin Falgore da Tudun Wada, inda damina ta fi ta arewacin jihar nauyi. Daga Tiga a ke sakinsa zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura, saura ya gangara ya gamu da Kogin Calawa, su zarce Wudil da Haɗeja. Alherinsa ba ya ɓoyuwa. Amma mutanen Bebeji da maƙwabtansu na Ƙiru ba su mance da watan Agusta na 1988 ba, sa'ad da madatsar Bagauda ta ɓalle, ita kuwa ƙanƙanuwa ce in an gwada ta da Tiga. A 1992 hukuma ta rage tsayin mazubar rarar ruwa ta Tiga saboda tsaro. A watan Satumba na 2024 kuma duk ƙasa ta ga abin da ruwan madatsar Alau ya yi wa Maiduguri.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya wajaba a san amsarsu tun rana ba ta ɓaci ba. In aka yi mamakon ruwa a Doguwa da Tudun Wada kwana da kwanaki, tafki ya tumbatsa, ina ruwan zai bi? Sa'a nawa zai yi kafin ya kai Ciromawa, nawa kafin Wudil? Zai tsaya a idon sawu ne, ko zai shanye soro? Ba mai iya fasa madatsa don ya gwada. Abin da ya rage shi ne lissafi, yau kuwa kwamfuta ke yinsa. Nufinmu a nan mu bayyana wa masu karatu yadda a ke wannan lissafi, da abin da ya sa amsarsa ba ta taɓa zama daidai cif, da yadda masana suka koyi auna ratar da ke tsakanin amsar da gaskiya.

Ka'idar Da Ba Ta Warwaruwa Da Alƙalami

Tafiyar ruwa tana da ƙa'ida. A 1871 wani injiniya na Faransa, Saint-Venant, ya rubuta ta cikin harshen lissafi. Ma'anarta a taƙaice abu biyu ne. Na fari, ruwa ba ya ɓata: abin da ya shiga wuri, in bai fita ba, to, ya daɗa zurfin wurin. Na biyu, gangare yana tura ruwa gaba, kaushin ƙasa da ciyawa da duwatsu suna riƙe shi. Tun kafin wannan, a 1856, wani Bafaranshe kuma, Henry Darcy, ya gano ƙa'idar yadda ruwa ke tsatsafowa ta cikin yashi da ƙasa. Ita ce a ke aiki da ita wajen madatsar ƙasa irin ta Tiga, gama kowace madatsar ƙasa tana tsatsafo, abin lura dai shi ne yawansa da inda ya ke bi.

Irin waɗannan ƙa'idodi ba sa faɗa maka zurfin ruwa kai tsaye. Abin da su ke faɗa shi ne yadda zurfi da gudu ke sauyawa daga nan zuwa taki ɗaya gaba, da kuma daga wannan daƙiƙa zuwa mai bi mata. Akwai su da yawa a fagen ilmi, da su a ke lissafin zafi cikin ƙarfe, da iska a jikin jirgin sama, da nauyi a kan gada. In da kogi miƙaƙƙe ne kamar kwalbati, da malami ya warware su a kan allo. Amma Kogin Kano yana da lanƙwasa, da tsibiran yashi, da fadamu, da gadoji, ba kuwa wani alƙalami da zai fid da amsarsa dunƙule.

Dabarar da aka samu ita ce a shimfiɗa raga bisa taswirar ƙasa. Masuntan Tiga za su fi kowa saurin gane wannan. A kan raba ƙasar gida gida kamar idanun raga, a ce kowane ido zurfinsa ɗaya ne, gudun ruwansa ɗaya, sa'an nan a lissafa abin da kowane ido ke miƙa wa maƙwabcinsa cikin 'yan daƙiƙoƙi, a maimaita, a maimaita, har a kai sa'o'in da a ke so. To, kowa ya san raga mai manyan idanu ƙananan kifaye ficewa su ke yi. Haka ragar lissafi. Abin da ya fi idonta ƙanƙanta ba ta ganinsa, ko da kuwa shi ne kwalbatin da zai karkata ruwa cikin gari. Wannan rashi shi masana ke kira kuskure. Kalmar ba ta nufin wani ya yi sakaci. Tana nan ko da gwanin gwanaye ne ya yi aikin, domin an musanya ƙasa mai ci gaba ba yankewa da gidaje ƙidayayyu.

Baturen Da Ya Auna Kuskurensa

Abin sha'awa, wannan fanni a jikin madatsun ruwa ya girma. A 1910 wani masani na Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gabatar da takarda a kan yadda za a warware irin ƙa'idodin nan da tarawa da ɗebewa kurum, misalin da ya yi aiki da shi kuwa nauyin da ke kan madatsar dutse ne. Babu kwamfuta a zamanin, mutane ya ke biya su yi masa lissafi da hannu. Abin da ya ɗaukaka shi a wurinmu shi ne bai tsaya ga ba da amsa ba, sai da ya nemi sanin nisan amsarsa da gaskiya.

Ga yadda dabararsa ta ke, da misali na ƙirƙira don bayani. A ce an yi lissafi da raga mai ido mita 100, aka sami zurfin ambaliya a bakin wata gada mita 3.40. Aka sake da ido mita 50, aka sami 3.10. Akwai hanyoyin lissafi da yawa waɗanda in ka raba idon raga biyu, kuskurensu ya kan ragu zuwa rubu'i. In haka ne, bambancin nan na 0.30 ya ninka kuskuren da ya saura sau uku. Ashe saura 0.10, amsar da ta fi kusa da gaskiya kuwa mita 3.00 ce. Dubi abin da ya faru: ba wanda ya san amsar gaskiya, amma an kimanta nisanta. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Mai karatu zai ce, to, me zai hana a yi ta matse idon raga ko'ina har kuskure ya ƙare? Tsada ce za ta hana. Ɗauki faɗin tafkin Tiga kaɗai. Da ido mita 100, gidaje 17,800 ne. Da ido mita 10, sun zama 1,780,000. Da ido mita ɗaya, miliyan 178. Ba nan abin ya tsaya ba. A 1928 waɗansu masana uku a Jamus, Courant da Friedrichs da Lewy, sun nuna cewa a irin lissafin da ke tafiya taki taki, ba a yarda ruwa ya tsallake ido guda cikin taki ɗaya, in ba haka ba lissafin ya rikice. Watau in ido ya ƙanƙance, tilas takin lokaci ya gajarce. Raba ido biyu ya kan ninka aiki sau takwas, raba shi goma kuwa sau dubu. Kwarin kogi daga Tiga zuwa Haɗeja ya fi tafkin nisa ƙwarai, amsar da za ta fito bayan ruwa ya riga ya iso kuwa ba ta da amfani ga kowa.

Raga Mai Bin Larura

A nan ne hikimar ta ke. Kuskure ba ya bazuwa daidai wa daida. A tsakiyar tafki, inda ruwa ke kwance lumui, raga mai manyan idanu ta wadatar. Inda abu ke sauyawa farat ɗaya, nan kuskure ke taruwa: goshin ambaliya, bakin mazuba, ƙafafun gada, gaɓar da ruwa ke gamuwa da busasshiyar ƙasa. Cikin jikin madatsa kuma, wurin da bututu ya ratsa ƙasa, da gindinta na waje inda tsatsafo ke ɓullowa. Madaidaicin tela ba ya yi wa riga duka ɗinki ɗaya, a wuya da aljihu ya ke ƙanƙanta zare.

Injiniyoyi sun daɗe suna matse raga a inda su ke zato da hannunsu. Amma zato ya kan ci amanar mai shi. Wanda ya mai da abin ilmi tabbatacce shi ne Ivo Babuška, mutumin birnin Prag. Shi ma a madatsa ya ƙware, gama a shekarun 1950 ya shugabanci lissafin zafin da kankare ke fitarwa wajen ginin madatsar Orlik a kan Kogin Vltava. Ya koma Amurka a 1968, a 1978 kuwa shi da Werner Rheinboldt suka nuna yadda za a auna kuskure daga jikin amsar kanta. Ga asirin. Bayan kwamfuta ta fid da amsa, sai a mai da amsar cikin ƙa'idar asali, ido bayan ido, a ga ko ta cika ta. Ba za ta cika ba sarai, kullum da ɗan saura. Inda sauran ya yi yawa, ko inda amsar ido biyu maƙwabta ta yi tsalle a kan iyakarsu, nan ne ciwon ya ke. Sai a tsaga waɗannan idanu kaɗai, a bar sauran, a sake lissafi, a sake aunawa. Haka za a yi ta yi har kuskuren da aka kimanta ya sauka ƙasa da iyakar da aka yanka tun farko. A 1987 Zienkiewicz da Zhu na Jami'ar Swansea suka kawo wata hanyar awo mai sauƙi wadda injiniyoyi suka runguma ƙwarai.

Ambaliya kuwa ba ta zama wuri ɗaya, saboda haka ragarta ma tilas ta yi tafiya. A 1984 Marsha Berger da Joseph Oliger a Amurka suka tsara yadda za a ɗora ƙaramar raga mai matsattsun idanu bisa babba, ta riƙa bin goshin igiya, tana ɗinkuwa a gabansa tana warwarewa a bayansa. In da za a yi wannan ga Kogin Kano, da sa'ad da ruwa ke Ciromawa, Wudil na nan da manyan idanu ba a ɓata mata aiki, sai ya kusato kāna ragar ta matse a can. Da irin wannan dabara a ke lissafin igiyar tsunami a teku, inda a kan fara da ido mai faɗin kilomita da yawa a tsakiyar ruwa, a ƙare da na 'yan mitoci a titunan gari.

Akwai wani mataki kuma wanda mu a ganinmu ya fi dacewa da buƙatar hukuma. A shekarun 1990 Roland Becker da Rolf Rannacher na Heidelberg suka ce a fara tambaya tukuna: me a ke so a sani? Wanda ke son sanin sa'ar da ruwa zai iso gadar Wudil, bai damu da zurfinsa a wata fadama can gefe ba, sai fa in fadamar tana riƙe ruwan da zai jinkirta isowar. Hanyarsu tana auna kowane ido da gwargwadon tasirinsa a kan amsar da a ke nema, ta kashe ƙarfi a can. Tambaya dabam, raga dabam.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kurum. Ran 23 ga Agusta 1991 wani ƙaton dandamalin haƙar iskar gas na kankare, Sleipner A, ya nutse kusa da Stavanger a ƙasar Norwe sa'ad da a ke gwajinsa. Bincike ya nuna ragar lissafin da aka yi wa wata kusurwa ba ta dace ba, har ta rage ƙarfin da ke kan bangon da kashi 47 cikin ɗari, aka yi bangon bai kai yadda ya kamata ba. Ba a rasa rai ba, amma dukiya ta ɗaruruwan miliyoyin dala ta tafi ƙarƙashin teku. Kwamfutar ba ta yi ɓatan lissafi ko ɗaya ba. Abin da aka ba ta shi ta yi, ta kuwa fid da zane mai kyaun gani.

Abin Da Raga Ba Ta Gyarawa

Sai dai a yi hattara. Awon nan duka yana faɗa mana nisan amsar kwamfuta da amsar ƙa'ida ne. Bai ce kome ba a kan ko abin da aka ɗura wa ƙa'idar gaskiya ne. Richardson da kansa ya gamu da wannan. A littafinsa na 1922 ya gwada lissafin yanayin sama na sa'a shida, ya sami cewa nauyin iska zai sauya da miliba 145, alhali a ranar kusan bai motsa ba. Masana na baya sun nuna hanyarsa ba ta da laifi, awon farko da ya fara da shi ne ba a tace ba.

A ƙasarmu nan ne gizo ke saƙa. Lissafin ambaliya yana buƙatar sanin tudu da kwarin ƙasa. Taswirar da aka fi samu kyauta ta samo asali daga awon da kumbon Amurka ya yi a watan Fabrairu na 2000, idonta kamar mita 30 ne, tana kuwa iya kuskure tsayin wuri da 'yan mitoci. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kura da Haɗeja, mita ɗaya ita ce tsakanin gari ya tsira da gari ya nutse. Wanda ya matse ragarsa zuwa mita biyu bisa taswira mai ido mita 30, wahala kurum ya sha. Haka kuma tafkin Tiga ya haura shekara 50 yana karɓar yashi da laka daga gonakin Tudun Wada da tuddan Doguwa, cikinsa na yau ba na 1974 ba ne. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta sauya masa mabi. Ba wata dabarar lissafi da za ta san waɗannan in ba a shiga kwalekwale an auna ba.

Don haka masana ke gwada lissafinsu da abin da ya taɓa faruwa. Misalin da suka fi komawa gare shi madatsar Malpasset ce a kudancin Faransa, wadda ta fashe daren 2 ga Disamba 1959, ta hallaka mutum fiye da 400 a Frejus da kewaye. 'Yan sanda sun bi kwarin sun rubuta inda ruwa ya kai a jikin gaɓa, an kuma san lokacin isowarsa a wurare uku, domin an rubuta sa'ar da taransifomomin lantarki uku suka mutu. Har yau wanda ya ƙera sabuwar hanyar lissafin ambaliya ya kan gwada ta da waɗannan alƙaluma, a 2011 ma an gwada raga mai bin goshin ruwa da su. Mu ma muna da ambaliyar da za a yi wa haka. Dattawan da suka ga ruwan Bagauda suna iya nuna inda ya tsaya a jikin itace ko bango, kowace damina kuma tana barin zanenta a ƙafafun gadoji. In ba a rubuta ba, shaidar tana tafiya da masu ita.

Masu yin aikin ba su yi mana nisa ba. Madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Hukumar kula da al'amuran ruwa ta tarayya tana fid da hasashen ambaliya kowace shekara. Akwai sassan lissafi da na injiniya a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil a bakin kogin kansa, ga kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Waɗansu manhajojin lissafin ambaliya kyauta a ke samunsu ta intanet, raga mai bin larura kuwa ita ce ke sa aikin da dā sai babbar na'ura ya yiwu a kan kwamfuta matsakaiciya.

Shawararmu ga hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi ita ce, ranar da aka shimfiɗa musu taswira mai launin shuɗi da ja, aka ce nan ruwa zai kai, nan ba zai kai ba, kada kyaun zanen ya hana su tambaya. Su ce, idon ragar nawa ne a garinmu? An sake lissafin da ido mafi ƙanƙanta, amsar ta motsa da nawa? A wace shekara aka auna ƙasar, da zurfin tafkin? An gwada lissafin da wace ambaliya da muka sani? Injiniyan kirki zai yi murna da waɗannan tambayoyi, zai kuwa amsa da lamba biyu, ya ce ruwa zai iso cikin sa'a kaza, da ragi ko ƙari na minti kaza. Da ƙaramar lambar a ke shirin kwashe mutane, da babbar lambar zurfi kuma a ke yanke inda za a hana gina makaranta ko asibiti.

Can sama kuma, a Doguwa da Tudun Wada, aikin da ya fi gaggawa mai arha ne: ma'aunin ruwan sama a harabar makarantu, da sandar awo mai lambobi a gindin kowace gada ta Kogin Kano da rafukan da ke zuba cikinsa, da mutum amintacce wanda zai duba safe da maraice ya rubuta a littafi, ya aika ta wayar hannu. Ruwan da ya sauka a Riruwai yana ɗaukar lokaci kafin ya iso Tiga, wanda ke bakin madatsa kuwa ba zai san yawansa ba sai an faɗa masa daga can.